YADDA NA KUSA KARYA JARIN UWATA

'Yan'uwana ɗalibai, sa'ad da Edita ya tare ni a bakin ɗakin cin abinci ya ce lalle bana sai na rubuta wani abu a kan darasin dabarun ciniki da mu ke ɗauka a sashen koyar da kasuwanci, da fari na so in noƙe. Dalili kuwa shi ne, labarin da na ke da shi game da wannan darasi akwai abin kunya a cikinsa. Amma da na kwana na tashi, sai na ga in na rufe bakina, wani daga cikin na bayanmu zai je ya faɗa ramin da na faɗa. Saboda haka ga shi nan. Wanda zai yi dariya ya yi, amma ina roƙonsa ya karanta har ƙarshe.

Ni mutumin Danchuwa ne, a ƙasar Potiskum, cikin Jihar Yobe. Mahaifinmu ya rasu ina aji 4 na firamare, ya bar mu mu 5 a hannun mahaifiyarmu, da 'yar gona wadda geronta ba ya kai mu damina. Abin da ya ciyad da mu, ya tufatad da mu, ya biya mini kuɗin makarantar mishan, har ya kawo ni wannan kwaleji, shi ne man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Tun ban san hannun damata ba na ke ganin Inna tana wannan aiki. Ta ɓare gyaɗa, ta soya ta sama-sama, ta murje, ta sheƙe ɓawon, ta aika a niƙo. Sa'an nan ta zuba a turmi, tana ɗiga ruwan zafi kaɗan kaɗan tana juyawa, har mai ya taso ta kwashe. Tunkuzar da ta rage ta matse ta, ta mulmula, ta soya cikin man nan, ya zama ƙuli. Ranar Laraba, watau ranar kasuwar shanu ta Potiskum, mu ɗauki kaya mu shiga gari.

A makarantar mishan akwai wani malami da ya matsa mana da lissafi, ya koya mana jan layi a tsakiyar shafi, abin da ya shigo a gefe guda, abin da ya fita a ɗaya gefen. Tun daga lokacin na zama akawun gidanmu. Duk wasiƙar da ta zo ni ke karantawa, duk kuɗin da za a ƙirga ni a ke kira. Inna ba ta yi boko ba, saboda haka ta ɗauki maganata da nauyi, har ta kan ce mini Malam tun ban san zan yi aikin malanta ba. Ku riƙe wannan, don shi ne ƙofar da ɓarna ta shigo.

To, a shekarata ta biyu a nan kwaleji aka fara mana darasin nan. Malaminmu ya ce fanni ne babba da a ke karantawa a jami'o'i, a Zariya da Kano da Maiduguri da sauransu, mu ɗanɗano kawai za a ba mu. Ya ce asalin kalmar da Turawa ke kiransa da ita daga harshen Girka ta fito, daga sunan jarumin da ke jan rundunar yaƙi, don ciniki ma wani irin yaƙi ne wanda ba a zub da jini. Ya kawo mana labarin wani shaihun malami na Jami'ar Harvard ta Amurka, Michael Porter, wanda ya bayyana a 1979 cewa abubuwa 5 ne ke matsa wa kowane mai ciniki. Na fari abokan gasarsa da ke cikin kasuwa tare da shi. Na biyu waɗanda za su iya shigowa sana'ar gobe. Na uku ƙarfin waɗanda ya ke sayen kaya a hannunsu. Na huɗu ƙarfin masu saye a hannunsa. Na biyar wani kaya dabam da zai iya maye gurbin nasa. A littafin da ya fitar a 1980 kuma ya ce hanyoyin cin gasa 3 ne: ko ka fi kowa arhar yin kaya, ko ka yi kayan da ya bambanta da na kowa har a yarda a biya ka fiye, ko kuwa ka zaɓi wasu mutane ƙalilan ka tsaya a kan biyan bukatarsu.

Don kada mu ce abin na Turawa ne kaɗai, malam ya ba mu misali da Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Ya fara da fataucin goro daga Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe ido a kan gyaɗa, sai ya zama babban mai saya musu, ya baza yaransa ƙauyuka, har aka riƙa jera buhuna ana yin dalar gyaɗa. Ranar nan ban yi barcin kirki ba. Na ce a raina, ashe gyaɗar da Inna ke fama da ita a turmi ita ce ta yi Ɗantata! Abin da ya rage mata kawai ilmi, ilmin kuwa ga shi a hannuna. Daga cikin hanyoyi 3 ɗin nan ta farko ce ta shiga kaina, don ita ce mai sauƙin ganewa. Sauran biyun na haddace su don jarrabawa, na wuce.

Na koma gida hutu a watan Yuli na 2023, na tarad da Inna cikin damuwa. Kun san a ranar 29 ga Mayu na shekarar nan aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, mai injin niƙa ma ya ƙara kuɗi. Ga kuma wani mai shago da ya fara kawo man jarka na kamfani, yana aunawa a kwalba, arha fiye da nata. Wasu matan da su ka saba saye a wurinta sun koma can. Na zauna na saurara, ina jin daɗi a ɓoye, kamar sabon likita da ya sami majiyyacinsa na fari.

Da dare na ɗauko littafin rubutuna na ce, "Inna, na gano ciwon, na kuma san maganin. Ki sauke kuɗin manki ya yi daidai da na mai shago. Ribar kowace kwalba za ta ragu, amma in kin yi ninki 3 na abin da ki ke yi, yawan zai rufe. Haka manyan kamfanonin duniya su ke yi."

Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malam, da wace gyaɗar? Yanzu damina ce, gyaɗa ta yi tsada. Mai hankali da kaka ya ke saye."

Na ce, "Ai kwasar adashinki ta zo. Mu sa kuɗin a ciki, kafin a koma makaranta sun dawo da riba."

Kuɗin adashin nan kuwa ta riga ta ƙulle su a ranta don makarantar ƙanwata, wadda za ta shiga sakandare a watan Satumba. Inna ta dube ni ta ce, "Haka littafin ya ce?" Na ce haka ya ce. Ta ce, "To, ku ne ku ka yi karatu." Har yau in na tuna maganar nan sai in ji jikina ya yi sanyi.

Mu ka sayo gyaɗa buhu 3 da tsadarta. Da ya ke aikin ya fi ƙarfin hannu ɗaya, mu ka ɗauki 'yan mata 2 na maƙwabta su taya ta. Laraba ta fari mai ya ƙare tun kafin azahar, na dawo gida ina taƙama. Laraba ta biyu sai mu ka tarar sauran matan da ke sayad da mai a layinmu su ma sun sauke kuɗi, suna kuma harararmu, wata tsohuwar ƙawar Inna ko gaisuwa ta ƙi amsawa. Laraba ta uku mai shago ya ƙara saukewa. Shi ba abin da ya dame shi, don yana da sukari da sabulu da shinkafa da zai ci riba a kansu, man kuma ba a turmi a ke yi masa ba. Masu sayen da arha ta jawo mana, arha ta sake janye su.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ya sami ƙuli. Ban taɓa sa shi a lissafina ba, na ɗauke shi kamar saura ne kawai. Ashe duk wanda ya ninka mai ya ninka ƙuli, ko ya so ko bai so ba. Ya taru a ɗaki ba mai saye, sanyin damina ya kama shi ya yi laushi. 'Yan matan nan kuma saboda gaggawa, wani su ƙona, wani su kwashe bai soyu ba. Wani mai tsire da ya shekara da shekaru yana sayen ƙulin Inna don yajinsa ya aiko yaronsa da ƙunshi a hannu, ya ce a gaya wa Inna wannan ba nata ba ne. Ranar na ga ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Ba ta ce mini kome ba, shirun nan kuwa ya fi mini zagi ciwo.

Da na ja layi a tsakiyar shafi kamar yadda aka koya mini, na ga fiye da rabin kuɗin adashi ya narke. Na rasa inda zan sa kaina. Laraba ta gaba na bar Inna a layin mai, na tafi kara wurin kawuna, wanda ya tsufa a dillancin shanu. Wanda bai taɓa zuwa ba, kasuwar shanun Potiskum tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, daga nan a ke loda shanu a manyan motoci zuwa Kudu. Na same shi a ƙarƙashin rumfa, na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labari duka na faɗa masa.

Ya yi dariya har ya share hawaye, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ɗaga kai ka duba. Dillalai nawa ka gani a karan nan?" Na ce ba su ƙirguwa. Ya ce, "To, akwai waɗanda su ka fi ni arhar la'ada, akwai masu bakin da ya fi nawa zaƙi. Me ya sa Fulanin da na ke sayar wa shanu ba sa wuce rumfar nan? Ubanninsu a gidana su ke sauka. In saniya tana da ciwo ina faɗa wa mai saye, ko da cinikin zai lalace. Shekarar 2012, da 'yan bindiga su ka faɗa wa kasuwar nan aka ƙona ta, aka kashe mutane, baƙi su ka ji tsoron zuwa, da waya mutanena na Kudu su ke aiko mini da kuɗi, ba su ga saniyar ba, maganata kawai su ka saya. Ni ban taɓa neman kowa da kowa ba. Mutum 10 da su ka yarda da kai sun fi 100 da su ka zo don arha. Uwarka ta san wannan tun ba a haife ka ba. Ka taɓa tambayarta su wa ke saye a wurinta?"

Wallahi ban taɓa ba. Na yi shekaru ina ɗaukar mata kaya, ina ƙirga mata kuɗi, amma ban taɓa tambayarta dalilin kome ba. Da dare na je na zauna kusa da ita na ce, "Inna, ki yi mini gafara. Ina so ki gaya mini yadda ki ke cinikinki, ni in rubuta." Ta ce, "Yau kuma Malam ne zai ɗauki karatu?" Na ce shi ne.

Abin da ta faɗa mini ya cika shafi 4. Ta ce tun da daɗewa man kan mayar mata da kuɗin gyaɗa da na niƙa ne kawai, ribar a ƙuli ta ke. Masu sayenta na gaske ba su fi a ƙirga da yatsu ba: masu tsire 3, da mata masu ƙosai da waina waɗanda ke son ƙanshin man turmi, don masu cin abincinsu suna ganewa in an canja. Ta san wanda ke son ƙulinsa da ɗan gishiri, da wanda ba ya so, don shi zai daka ya haɗa yajinsa. Tana ba su bashi daga Laraba zuwa Laraba, abin da mai shago ba ya yi. Ba ta yin fiye da abin da hannunta zai iya soyawa da kyau. Matan da su ka koma wurin mai shago kuwa, ta ce dama masu sayen rabin kwalba ne na miya, tafiyarsu ta yi mata zafi, amma ba ita za ta rushe gida ba.

Da na dawo kwaleji na koma laburare na buɗe babin da na tsallake. Sai ga Inna a ciki. Kayan da ya bambanta da na kowa, ga shi. Zaɓen mutane ƙalilan a tsaya a kansu, ga shi. Har malamin nan na Harvard ya yi gargaɗi a kan mai cinikin da ya tsaya a tsakiya, bai kai manya arha ba, ya kuma saki abin da ya bambanta shi, ya ce irin wannan shi ne ya fi kowa shan wuya. Watau ni da hannuna na ɗauke ta daga inda ta ke da ƙarfi, na kai ta filin da kamfani mai injuna ya fi kowa ƙarfi, na ce ta yi kokawa. Littafin bai yi ƙarya ba, ni ne na karanta sulusinsa na rufe. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kam na sa shi a wuyan uwata.

Kada ku ce labarin ya ƙare lafiya lau. Sai da Inna ta sayad da tunkiyarta da ɗanta, ƙanwata kuma ta zauna a gida zango guda cur kafin ta shiga makaranta. Inna ta sallami 'yan matan, ta mai da kuɗin manta yadda ya ke, ta soya ƙuli da hannunta ta kai wa mai tsiren nan kyauta, ta ba shi haƙuri. Shi ya dawo. Ɗaya daga cikin masu ƙosai ba ta dawo ba har yau. Ƙawarta ta layin mai kuwa sai da aka yi wata 3 kafin su ka koma gaisawa.

Amma kuma kada wani ya ɗauka cewa karatun ba shi da amfani, don wannan ma wani ƙaramin sanin ne. Da hutun Disamba na sake zama da Inna, wannan karon da tambaya na fara. Mu ka bi abubuwa 5 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa da Hausa tana ba ni amsa. Da mu ka zo kan ƙarfin waɗanda ta ke saye a hannunsu, sai ta ga wani abin da ta daɗe tana jinsa a jiki amma ba ta taɓa ware shi ta dube shi ba: kowace mace ita kaɗai ta ke zuwa wurin mai gyaɗa da mai niƙa da ɗan kwanonta, saboda haka duk abin da su ka yanka mata sai ta biya. Ita da kanta ta ce, "To, in mu ka haɗu fa?" Ta yi magana da matan adashinsu, su 6 su ka haɗa kuɗi su ka sayi gyaɗa a buhu tun tana da sauƙi, su ka kuma yi ciniki da mai niƙa a kan rana guda da zai niƙa musu gaba ɗaya da rangwame. Dabarar tata ce, littafin tambayar kawai ya ba mu. Na lura kuwa tambaya mai kyau ita ce babban abin da wannan fanni ke bayarwa.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu, mu da za mu fita mu zama malamai. Yawancinmu 'ya'yan manoma ne da masu ƙananan sana'o'i, in mun koma gida ana sauraronmu fiye da yadda mu ka cancanta, don an ga mun riƙe littafi. Wannan amana ce mai nauyi. Wanda bai yi karatu ba in ya ba da gurguwar shawara a kan yi gardama da shi. Mu kuwa sai a ce, ku ne ku ka yi karatu, a miƙa mana kuɗin adashi. Yaran da za mu koyar kuma haka za su koma gidajensu da abin da mu ka ba su, in rabi mu ka ba su, rabi za su kai.

Da aka tura ni koyarwar gwaji bara, aka ba ni darasin kasuwanci a aji 2 na ƙaramar sakandare. Kafin in rubuta kome a allo, na ba kowane yaro aikin gida: ya je wurin wani mai sana'a a gidansu ko unguwarsu, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi abu 3. Su wa ke saye a wurinka? Me ya sa ba sa zuwa wurin wani? Wane ciniki ne ka ke ƙi ko an kawo maka? Amsoshin da su ka kawo sun ishe mu darasin mako 2. Wata yarinya ta ce kakarta mai daddawa ba ta sayar wa 'yan sari, don kada su haɗa da wata su ɓata mata suna. Na ce da ajin su riƙe wannan, za su sake gamuwa da shi a manyan littattafai in Allah ya kai su.

Ni kaina ina da niyya, in na gama nan na yi 'yan shekaru ina koyarwa, in nemi shiga jami'a in karanta fannin nan sosai, daga bangon fari har na ƙarshe. Na gaya wa Inna haka. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi guda, kowane babi na gama in zo in karanta mata da Hausa tukuna, kafin in taɓa jarin kowa. Na karɓi sharaɗin, ina kuma ba 'yan'uwana shawara su nemi mai yi musu irinsa. Ƙanwata tana aji 2 yanzu, ita ce ta gaje ni a jan layi a tsakiyar shafi, na kuwa ji ana cewa ta fi ni yawan tambaya. Allah ya sa ta ɗore a haka, mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani.